Kalmar Jimrau

Jimrau ya ratso tsakiyar kasuwar Dakoro hannunsa na dama a cikin riga, yana tafiya a karkace kamar mai ciwon haƙarƙari. Masu gishiri suka gaishe shi, ya amsa da ka. Mai goro ya ƙwala masa kira, bai ko waiwaya ba. Mutumin da ko jaki ya samu a ɗaure sai ya tsaya ya ba shi labarin Faransa, yau shi ne ke wuce jama'a baki rufe! Duk wanda ya san shi ya san akwai wata a ƙasa.

Gwangwani ne a cikin rigar, ɗan ƙarami, an naɗe shi da guntun tsohon rawani an ƙulle tam. Sha'ibu kukun kumandan ne ya miƙo masa shi ta bayan dangar bariki da hantsi. Kamyon Maradi, babbar motar kaya, ya kawo wa kumandan kayan ci daga ƙasarsu Faransa, wannan ya lotsa a hanya, madam, matar kumandan, ta ce a zubar. Sha'ibu ya ɗauka zai wurga a juji, idonsa ya faɗa kan hoton da ke jikin takardar gwangwanin, ya yi a'uzubillahi, sannan ya aika a kira masa Jimrau.

Dabbar ce. Ita ce sak, da manyan idanunta da hannuwanta goma.

Lokacin yaƙin Jamus harsashi ya sami Jimrau a cinya, aka ajiye shi a ɗakin girkin wani asibitin soja a Tulon, bakin teku. Kullum wani tsohon masunci yakan kawo kwanduna cike da wata halitta mai santsi, Jimrau ne mai fiɗa. Ya fiɗe ta har hannunsa ya san cikinta fiye da cikin aljihunsa. Da ya dawo gida da ɗingishinsa da igiyar muƙaminsa na kafaran, ya zauna gindin aduwa a kasuwar shanu ya ba mutane labarinta. Aka tambaye shi sunanta, ya ce Anasara kalmar suke ce mata.

Elhaji Kalla, dillalin dabbobi, taubashinsa ne, ɗan kawunsa, don haka yana da izinin zaginsa har kabari. Shi ne ya gyara zama ran nan ya ce, "Kalmar wa?"

"Kalmar kawai."

"Ba a yin kalma kawai. Kalmar shahada mun sani. Wagga ta wa ce? Kalmar Jimrau?"

Shi ke nan, ta zauna. Tun daga ranar, in mahauci ya rantse cewa naman jiya na yau ne, sai a ce masa kalmar Jimrau. In mace ta ce ba ta zuba wa nono ruwa ba, kalmar Jimrau. Shi kuwa aka sa masa Zuciya Uku, don ya ce zukata uku ne da dabbar, har aka manta ya taɓa zama kafaran. Yakan yi dariya tare da su, amma abin yana cinsa ƙwarai, don a duk labaran da ya kawo daga Faransa wannan ne kaɗai bai ƙara wa gishiri ba.

Ya iso gindin aduwa ya tarar da Kalla a kishingiɗe kan buzu. Bayansa tsohon raƙuminsa ne a durƙushe, wanda ya yi kasuwa bayan kasuwa ba wanda ya taya.

Kalla ya ce, "A'a, Zuciya Uku! Wacce ke ciwo yau, ka dafe ta haka? Ta tsakiya?"

Jimrau ya ce, "Ci gaba, taubashi. Ka dai kasance nan bayan la'asar, in dattawa sun taru. Ka zo da ruwan sha, don za ka haɗiye magana mai yawa."

Ya riga ya tsara komai. Zai fara da bayani, ya buɗe gwangwanin ta sama su ga baƙar tawadar dabbar, can a ƙarshe ya kwance ƙyallen ya ɗaga hoton sama. Har ya zaɓi fuskar da zai yi.

Yana cikin wannan daɗi sai ga matarsa Hawwa'u, ƙwaryar fura a ka, tana sauri har faifan yana rawa. Ta ja shi gefe, bayan raƙumin.

"Malam, Rabo ya fito daga bariki da igiya."

"To?"

"To mi? Katorzu jibi ne. Saniyar biki zai zaɓa, kuma rijiya ya nufa. Woɗe na can."

Rabo gardi ne, ɗan sandan kumandan, kuma kowace shekara shi ake aikawa ya zaɓo saniyar da za a yanka ranar Katorzu, bikin Faransa. Wadda ya ɗora wa igiya ta tafi, sai dai mai ita ya bi baya yana roƙo a banza. Woɗe kuwa ba ta Jimrau ba ce. Jar saniya ce ta Hamani, Bafulatanin da suka yi zumunci tun kafin yaƙi, ya ba shi ita habbanaye: ta zauna hannunsa, ya sha nono, abin da ta haifa ya zama nasa, sannan uwar ta koma garken mai ita. Ba a sayar da irin wannan saniya, ba a yanka ta. Wanda ta salwanta a hannunsa ta wannan hanya, ba shi da idon duban Bafulatani har ya mutu. Ga shi tana da ciki, ga shi ta yi kyau da sabuwar ciyawar damina, kuma sau biyu Rabo yana tsayawa ya shafa gadon bayanta ya ce tubarkalla.

Hawwa'u ta ce, "Zan jawo ta in bi bayan tudu da ita zuwa rugar Hamani. Amma tana tsakiyar shanu, kuma ka san ta, in ba ta sha ta ƙoshi ba ko sarki ba ya motsa ta. Ka riƙe mini Rabo."

"In riƙe shi da mi?"

"Da bakinka mana! Sau nawa ka riƙe ni da shi har tuwona ya ƙone?"

Ta dire ƙwaryar furar a gaban Kalla ba ko sallama, ta tattare zani ta yi rijiya.

Hanyar bariki zuwa rijiya ta gindin aduwar nan take bi. Ba a jima ba sai ga jar dara tana tahowa a saman kawunan mutane, ƙarƙashinta Rabo, da faffaɗan ɗamara da bulala, igiya a kafaɗa. Dogon mutum ne mai yawan ɗaure fuska. Ya daɗe yana gardi hannun rigarsa fayau ba galon muƙami ko ɗaya, har wani da ya shigo bayansa ya zama birgaje, babban gardi, yana ba shi umarni. Kowa a Dakoro ya san ba malamin da Rabo bai tsuguna a gabansa ba kan wannan magana.

Jimrau ya dubi rana. La'asar da sauranta, dattawa ba su taru ba, masu arzikin da yake so su gani duk suna gida. Ya haɗiye takaici ya fito tsakiyar hanya, ya tare shi da laƙabin girmamawa na Faransanci.

"Mushe Rabo! Allah ne ya kawo ka. Zo hukuma ta zama shaida."

Rabo bai rage tafiya ba. "Ansiyan, ina da aiki." Haka suke kiran tsohon soja.

"Daga teburin kumandan ya fito."

Wannan ta tsayar da shi. Jimrau ya zaro ƙunshin ya ɗora a kan turmin da ake ɗaure awaki, ya ja da baya kamar wanda ya ajiye maciji. Nan da nan mutane suka fara zagayowa, masu awaki, masu igiya, Buzaye biyu da suka zo sayen gero, har da mahauta da wuƙaƙensu.

Jimrau ya ce, "Jama'a, yau za ku ga kalmar."

Aka fashe da dariya. Kalla ya tashi zaune ya ce, "Cikin wanga? Ashe ƴar mitsitsiya ce. Zukatan nata a jere suke ko a kan juna?"

"Bari in fara daga farko, don Mushe Rabo bai taɓa ji daga bakina ba."

Ya fara, kuma bai taɓa jan labarin nan kamar yau ba. Ya ce jikinta kamar zungurun ƙwarya ne, ba gashi ba ƙaya. Hannuwa goma ne a kanta, ba a kafaɗa ba, takwas gajeru, biyu dogaye da take naɗewa ta ɓoye. In kifi ya gifta sai ta harba dogayen nan ta cafko shi kafin ya san an yi. Kowane hannu cike yake da ƴan ƙananan bakuna a jere, masu kama fata kamar ƙahon wanzami. A tsakiyar hannuwan kuma ainihin bakin yake, mai ƙarfi, irin na aku.

Wani mahauci ya ce, "Mi take ci?"

"Kifi, ƙaguwa, da wasu ƙwarin ruwa masu kama da fara. In yunwa ta matsa, ta ci ƙanwarta."

Kalla ya ce, "Wannan kam na yarda. Muna da irinsu a dangi."

"Kuma dole ta gutsura ƙanana-ƙanana, don maƙogwaronta ta tsakiyar ƙwaƙwalwarta ya ratsa. Duk lomar da ta haɗiya sai ta bi ta cikin tunaninta."

Kalla ya saci kallon Rabo ya ce, "Irin wannan ma muna da su, amma ba a dangi ba."

Mutane suka danne dariya a ciki. Rabo ya gyara igiya a kafaɗa ya ce, "Ansiyan, buɗe in gani in tafi."

"Saura kaɗan." Jimrau ya leƙa ta saman kafaɗar gardin. Can bakin rijiya ya hango jan kallabin Hawwa'u yana kutsawa tsakanin ƙahoni, bai ma kai ga Woɗe ba. Ya ci gaba. Ya faɗi jininta shuɗi kamar ruwan marina. Ya faɗi zukata uku, biyu na tura jini wurin shaƙa, ɗaya na tura shi sauran jiki, kuma ya rantse ya ɗora su a tafin hannunsa. Ya ce da baya take gudu: ta zuƙi ruwa ta fesar da ƙarfi, sai ta yi baya kamar kibiya. Launi kuwa, kafin hawainiya ta yanke shawara ita ta sauya sau biyar. Ƙashi ɗaya ne tak a jikinta, siriri garai-garai, su Anasara ma alƙalami suke ce masa.

Kalla ya ɗaga hannu sama. "Ga alƙalami, ga tawada. Jama'a, ku tambaye shi a wace makaranta ta yi sauka."

Jimrau ya ce, "Tawadar ba ta rubutu ba ce, ta tsira ce. In babban kifi ya biyo ta, sai ta fesa baƙin abin nan ya dunƙule a ruwa daidai girmanta. Ita kuma ta koɗe ta yi fari fat ta zille gefe. Shi wawan ya kai wa baƙin cizo, ya cika baki da tawada, ita tuni ta yi nisa."

Rabo ya buga bulala a ƙafarsa. Ba sauran jan lokaci. Jimrau ya karɓi wuƙar mahauci, ya yi bisimilla, ya huda saman gwangwanin ya zagaye shi a hankali, ƙyallen yana nan naɗe a jikinsa. Ya ɗaga murfin. Wani ƙarni ya tashi, na gaban suka ja da baya, na baya suka turo su. Baƙin ruwa ne kirin, mai kauri, da wasu gutsattsari suna leƙowa.

An yayyanka ta. Jimrau bai yi tunanin wannan ba ko kaɗan. Ba kai, ba ido, ba zuciya ko rabi.

Rabo ya leƙa, ya yamutsa fuska. "Shi ke nan? To na gani." Ya juya.

A rijiya Hawwa'u ta samu ta zarga wa Woɗe igiya, amma saniyar ta kafa kai a kwami tana sha abinta. Jimrau ya kai hannu kan ƙullin ƙyallen. Hoton ne ya rage masa. Zai ɗaga shi, a yi salati, Kalla ya sunkuyar da kai, Rabo ya duba sau ɗaya ya wuce. Hoto ba ya riƙe gardi.

Sai Kalla, don neman tsokana kawai, ya tsinci karan gero ya tsoma a gwangwanin, ya ja layi a kan wani farin ƙashi da ke yashe gindin itacen. Layin ya fito baƙi, tsaf.

Ya ce, "La'ilaha! Wace dabba? Wanga ai rubutu ne! Rubutun sha! Ashe su ma Anasara sha suke yi. Malamansu su rubuta can, su wanke, su rufe a gwangwani, kamyo ya kawo wa kumandan. Ku ce shi ya sa mutum ɗaya da ɗan gajeren wando yake juya ƙasa guda!"

Wasa yake yi, amma ba kowa ya yi dariya ba. Ɗaya daga cikin Buzayen ya gyaɗa kai a hankali. Rabo, wanda ya riga ya yi taku biyu, ya tsaya cak. Ya dawo. Ya sauke igiyar daga kafaɗa, ya matso har Jimrau yana jin numfashinsa, ya yi ƙasa da murya.

"Ansiyan, kai ka zauna da su. Gaskiya ne?"

Kalla ya ce da ƙarfi, "Awo, faɗa mana! Dabba ce ko rubutu?"

Yatsun Jimrau suna kan ƙullin. Ja ɗaya ya rage. Ya tuna duk ranakun da ya koma gida daga gindin itacen nan yana jin dariya a bayansa, ya tuna tsohon masuncin Tulon yana buɗe masa cikin dabbar da babban yatsa yana nuna masa zukatan. Sannan ya dubi rijiya. Woɗe ta ɗago kai, ruwa na zuba daga bakinta, ta sake mayarwa.

Ya sauke hannunsa ya ce, "Rubutu ne."

Kalla ya ce, "To mai zuciya ukun fa? Mai hannu goma?"

Jimrau ya ce, "Babu ta."

Kasuwa ta ɗauka. Mahauta suka riƙa buga wuƙa da wuƙa, wani ya faɗi a kan buhun gero yana riƙe da ciki, labari ya tafi har rumfar masu gishiri kafin a ƙifta ido: Zuciya Uku ya faɗa da bakinsa. Jimrau ya tsaya yana murmushi, kuma wallahi harsashin Jamus bai yi masa zafin wannan ba.

Rabo kuwa ko a jikinsa. Ya ce, "Na mi ne? Na ɗaukaka?"

Jimrau ya ce, "Ka taɓa ganin kumandan ba galo?"

Rabo ya miƙa hannu biyu. Kalla ya riga shi, ya ce, "Tsaya, ranka shi daɗe. Ba a ba hukuma abu daga hannun maƙaryaci sai an ɗanɗana." Ya sa yatsu ya tsamo gutsure ɗaya ya jefa a baki, yana kallon jama'a yana kashe ido.

Ya tauna sau biyu. Sai ya daina. Jimrau ya ga harshensa yana juya abin a cikin kunci, ya ga dariyar ta sauka daga fuskarsa. Kalla ya kai hannu baki kamar mai tari, ya dunƙule, ya ɗan buɗe a gefen cinyarsa ya leƙa. Ya dubi Jimrau. Ya dubi ƙwaryar furar da aka dire masa ba sallama. Sannan ya juya a hankali ya dubi rijiya.

Jimrau ya ce a ransa, shi ke nan, taubashi zai tona.

Kalla ya cusa hannun a aljihu ya ce, "Kai! Da ƙarfi yake. Har na ji kamar in ba wani umarni. Amma irin wanga ba a shan shi a tsaye. Ko ba haka ba, Zuciya Uku? Ba shi da sharuɗɗa?"

Jimrau ya sauke numfashi. Sharuɗɗa kam akwai su, kuma suna zuwa masa ɗaya bayan ɗaya kamar an aiko su. Aka shimfiɗa wa Rabo buzun Kalla. Dole ya fuskanci arewa, inda rubutun ya fito, wato ya ba rijiya baya. Dole ya ci gutsattsarin ɗaya-ɗaya, ya tauna kowanne har ya narke, kuma duk wanda ya taɓa tauna kalmar ya san ba ta narkewa da wuri. Sannan ya shanye ruwan ya lashe gwangwanin.

Rabo ya zauna ya harɗe, jar dara a gwiwa, yana tauna kamar raƙumi, hawaye na taruwa a idonsa saboda ƙarni. Leɓɓansa suka yi baƙi, haƙoransa suka yi baƙi, har gemunsa ya samu rabo. Jama'a suka tsaya suna kallon mutum yana zama birgaje.

A bayansa, can nesa, jan kallabi da jar saniya suka fito daga cikin garke. Tafiyar mai ciki suke yi, ba gaggawa, har suka fara hawa tudu.

Da ya lashe gwangwanin, Rabo ya juya shi a hannu, ya kai yatsa kan ƙullin ƙyallen. "Mi ke ciki nan?"

Jimrau ya riƙe masa hannu. In gardin nan ya ga hoton, zai san dabba aka ciyar da shi a gaban kasuwa, kuma ba Woɗe kaɗai za ta biya ba. Ya ce, "Kul! Ba a kwance shi. Ranar da ido ya ga abin da ke ƙarƙashin ƙyallen nan, aikin ya karye. Ka kai wa baduku ya ɗinke shi da fata yadda yake, ka rataya a ɗamara."

Da bakinsa ya faɗa, ba wanda ya tilasta shi.

"Na ƙarshe kuma," in ji Jimrau, "kada idonka ya sauka kan mai ƙaho har rana ta faɗi."

Rabo ya zaro ido, baƙin bakinsa a buɗe. "A kasuwar shanu? To saniyar Katorzu fa? Yau aka ce in kai."

Kalla ya yi gyaran murya. "Wa ya ce sai saniya? Nama aka ce. Ga raƙumi nan, ranka shi daɗe, duba shi da kyau, ko tsiron ƙaho babu. Don kai ne zan rabu da shi."

Haka aka yi. Rabo ya jawo jar dara har kan hancinsa, ya kama igiyar tsohon raƙumin, ya ratsa kasuwar shanu idonsa a kan yatsun ƙafarsa, mutane na yi masa jagora, "Dama, ranka shi daɗe, akwai bijimi! Hagu, ga bunsuru!" Sai da ya biya rumfar baduku kafin ya nufi bariki. Waɗanda suka ci naman Katorzun shekarar sun daɗe suna tuna shi, musamman masu sauran haƙora.

Jimrau bai jira la'asar ba. Dattawan da ya so su gani suka zo suka tarar an gama, aka ba su labari da ƙari. Shi yana gida a kan tabarma, ya miƙe ƙafar mai ciwo, kaji na kiwo a gabansa.

Rana ta yi sanyi Hawwa'u ta shigo, ƙafafunta duk ƙaya. Ta ce Woɗe na rugar Hamani, yana gaishe shi, ya ce a bar ta can har a gama biki. Ta riga ta ji komai a bakin mata tun daga hanya. Ta tsaya ta dube shi, sannan ta shiga ta kawo masa ruwa a sabuwar ƙwaryar da take ajiye wa baƙi.

Sai aka yi sallama. Kalla ne, da ƙwaryar furar a hannu, rabi ya rage. Ya ajiye ta, ya zauna bakin tabarma ba a ce masa zauna ba. Ya daɗe yana gyara riga. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ajiye wani abu a tsakaninsu.

Ɗan guntu ne, bai kai ƙaramin yatsa ba, ya lanƙwashe, siriri a ƙarshe. Ya wanke shi. A jikinsa ga ƴan ƙananan bakuna a jere, biyu-biyu, kowanne da zagayensa, kamar ƙahon wanzami.

Kalla ya ce, "Hannu goma ka ce."

"Goma."

"To ga ɗaya. Saura tara ka kawo."

Jimrau ya miƙa hannu zai ɗauka. Wata jar kaza da ta daɗe tana karkata kai ta riga shi, ta yi wuf ta cafke ta yi bayan rumbu, sauran kajin suka rufa mata baya. Hawwa'u ta yi salati ta jefa mata muciya, ba ta same ta ba.

Su biyun suka bi kazar da kallo.

Kalla ya ce, "Saura goma."

Jimrau ya yi dariya har ya dafe cinya, ya share ido da hannun riga. Kalla bai yi ba. Ya jawo ƙwaryar furar gabansa, ya tuɓe takalma, ya harɗe sosai.

"Gobe a kasuwa maƙaryaci kake, ka sani, ba ni da yadda zan yi da kai," in ji shi. "Amma yanzu ba kowa. Kafaran, zuciyar nan ta farko, ta wane gefe take?"